Hoton da Ban Rubuta wa Bayani Ba

Kun dame ni da saƙo, wai Zaituni ina kika shiga, kwana tara shiru. Ban shiga ko'ina ba, ina nan Kawempe, unguwarmu a Kampala, a ɗakina, kunya ce ta riƙe min hannu. Ke da kika rubuto cewa na ji daɗi na samu mai sona tsakani da Allah, 'yar'uwa, ki karanta na yau tukuna. Ba zan wanke kaina ba. Yadda na yi haka zan faɗa, mai zagina ya zaga, na riga shi.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Zaituni Nanfuka, shekarata ashirin da bakwai, ina gina shafukan intanet a wani ƙaramin kamfani a Ntinda. Wata tara da suka wuce aka ba mu aikin gyara shafin asibitocin gwamnati na wata gunduma da ba zan kama sunanta ba. A shafin ne mutum ke kama layin ganin likita, ya duba sakamakon gwajinsa, ya ga ranar rigakafin yara. Aka ce mu gyara shi yadda makaho da kurma da mai rawar hannu za su shiga su biya buƙatarsu ba tare da sun roƙi kowa ba. Ni da rawar kaina na ce aikin sati biyu ne, a ƙara girman rubutu a sauya kala, a tashi. Sai shugabarmu Madam Atim ta kawo mana mai gwaji, Badru Kavuma.

Ya shigo da farar sandarsa, rigarsa ta sha guga har tana ɗaukar ido. Ya ja kujera kusa da ni ya ce, "Ke ce mai ginin?"

Na ce, "Ni ce, ssebo," wato yallaɓai a yarenmu.

"To mu ga ginin." Ya lalubi bayan allon kwamfutata ya kashe shi ɗif, ya zare maus ɗin ya jefa a aljihu. "Nemo min likitan ido ranar Laraba."

"Ai ba na ganin komai."

"Sannu da zuwa unguwarmu."

Ya kunna manhajar da ke karanta masa abin da ke kan allo, wadda yake kira sakatariyarsa. Muryar mace ce mai sauri kamar mai tallan magani a tasha. Abin da kawai take faɗa shi ne, "Maɓalli. Maɓalli. Hoto. Hoto. Maɓalli." Babu maɓallin da aka sa wa suna. Jadawalin likitoci kuwa takardar da ke manne a bangon asibiti aka ɗauka a hoto aka ɗora, sakatariya ba ta da abin karantawa. Kafin ma ka shiga sai ka zaɓi hotunan da ke da mota a ciki, wai a tabbatar kai mutum ne.

Badru ya ce, "Shekara uku shafin nan yana gaya min ni ba mutum ba ne. Saura kaɗan in yarda."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ranar ban san dariyar nan za ta kai ni inda ta kai ni ba.

Haka muka yi ta aiki kafaɗa da kafaɗa. Na sa wa kowane maɓalli suna. Na kwashe jadawalin daga hoto na mayar rubutu. Na cire agogon da ke goge takardar cikewa bayan minti biyu, don wani dattijo mai rawar hannu da ya ce sau shida tana goge masa kafin ya gama rubuta sunansa. Amma ƙa'idar da Badru ya fi kafewa a kai ita ce ta hoto. Kowane hoto sai an rubuta masa bayani a bayansa, wanda ido ba ya gani amma sakatariya tana karantawa. Kullum maganarsa ɗaya: "Faɗi abin da ke ciki. Kar ki ƙawata, kar ki rage."

Wata rana muna tsaye wurin mai soya gurasar capati da ƙwai na bakin titi, na tambaye shi me ya sa yake ɗaukar abin da zafi haka. Ya ce shekara biyu baya ya yi gwajin jini, sakamakon ya fito a shafin a matsayin hoto. Dole ya je shagon kwamfuta na unguwarsu, mai shagon ya karanta masa da ƙarfi mutane cike.

"Ba wani mugun ciwo ba ne, sikari ne ya fara hawa. Amma kafin in kai gida matar mai gidan hayarmu ta tare ni da ganyen magani. Zai," haka yake taƙaita sunana, "rashin gani na saba da shi tun ina shekara sha huɗu. Abin da ban saba da shi ba, a riga ni sanin abin da yake nawa."

A wurin, da capati a hannuna mai yana bin yatsuna, na san ina son mutumin nan. Ba zan yi muku kwana-kwana ba.

Ƙa'idar ofis ta biyo ni gida. Duk hoton da na ɗora a sitatus ɗina na WhatsApp sai na rubuta bayani a ƙasa. "Ni ce da jan mayafi, Maama ta sa ni ɓare matooke, ayabar dafawa, fuskata a ɗaure." Ƙawayena suka sa ni gaba, wai na zama 'yar jarida. Shi kuwa sai ya turo saƙon murya: "Bayanin bai cika ba, ba ki ce kin yi kyau ba."

"Kai ka ce kar a ƙawata."

"Wannan ba ƙawa ba ce, rahoto ne."

Wata takwas, ko hoton kofin shayi ban taɓa ɗorawa babu bayani ba. Ku riƙe wannan.

A wurinmu namiji ba ya tunkarar uban yarinya kai tsaye. Gidan Ssenga ake fara zuwa, wato ƙanwar uba, a yi abin da muke kira kukyala, ziyarar farko. In ta karɓe shi, sai ya rubuta wa uban wasiƙa, ita za ta kai da hannunta. Badru ya ce min kawunsa a shirye yake, in dai sa musu rana. Don haka na ɗauki sukari da burodi na tafi Matugga wurin Ssenga Nakitto, na durƙusa na gaishe ta, na faɗa mata.

"Wane dangi ne?"

"Na Damisa."

"Ba namu ba ne, da kyau, aure zai yiwu. Sallah fa?"

"Ya fi ni, Ssenga."

"Wannan ba abin yabo ba ne, kowa ya fi ki. Aiki?"

"Yana koyarwa, kuma yana aiki tare da mu."

"To me ya sa kike murza min gefen mayafi kamar wadda ta fasa tulu?"

Na ce, "Ba ya gani."

Ta ajiye wuƙar da take yankan kabeji. "Ba ya gani kamar yaya? Gilashi yake sawa?"

"Makaho ne."

Sannan ta ce, "Zaituni, ranar gabatar da ango ga dangi in na ɗaura miki rigar gomesi na fito da ke gaban jama'a, wa na yi wa kwalliyar? Sandar? In yaro ya rarrafa ya nufi murhu kina wanka fa? Duk mazan Kampala masu ido bibbiyu, ke sai da kika je kika tsinto wanda za ki yi wa jagora har ki tsufa?"

Na ce mata shi kaɗai yake hawa boda, wato acaɓa, daga Bwaise zuwa Ntinda kullum, shi yake girkinsa, shi yake gugarsa, kuma ni ce ma yake yi wa jagora a wurin aiki. Ko a jikinta. Kafin in koma Kawempe ta kira Maama. Na tarar da Maama a kwance da ɗankwali ɗaure a goshi, na'urar awon jini a gefenta, tana cewa ita dai ta haifi mace ɗaya tal, ashe don ta kashe ta. Suka haɗa baki cewa Taata, mahaifina, ba zai ji wannan zancen ba, zuciyarsa ba za ta ɗauka ba.

Sati uku bayan nan sunan Swaibu Walusimbi ya fara yawo a gidanmu. Ɗan ƙawar Maama ne ta ƙungiyar matan masallaci, yana da kantunan magani uku da mota mai kujerun fata. Ba shi da laifi, in faɗi gaskiya. Mutum ne mai kunya, in yana magana takalminsa yake kallo. Ssenga ta ce, "Ziyara ce kawai. Su zo su ci abinci su tafi, uwarki ta samu barci. Kukyala ai ba aure ba ne."

Kar wanda ya ce an tilasta ni. Ba a ɗaure ni ba, ba a doke ni ba, albashina nake ci. Gajiya na yi. Na gaji da kukan Maama da asuba, na gaji da cin abinci ana ajiyar zuciya a kaina. Na ce wa kaina in na bari suka zo suka tafi zan samu sarari in lallaɓa kowa daga baya. Kuma na san sarai cewa duk wanda ya ci abincin Ssenga da rakiyar danginsa, wasiƙa ce ke biyo baya. Na sani, na yi kamar ban sani ba.

Ranar Juma'a Badru ya ce, "Gobe mu je bakin tafki mu ci kifi, mu huta kafin gwajin Litinin."

Na ce, "Ssenga ba ta da lafiya, zan wuni a Matugga."

"Subhanallahi. Me ke damunta?"

"Mura ce da ciwon jiki."

Ƙaryar ta fito sumul, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Asabar Ssenga ta ɗaura min gomesi shuɗi mai kafaɗu a tsaye, da ɗamara ruwan gwal da ta ja har numfashina ya koma sama, da farin mayafi mai duwatsu a baki. An dafa kaza a ganyen ayaba, da matooke, da miyar gyaɗa, da shinkafa mai kayan ƙamshi. Swaibu ya zo da mutum biyar, farar doguwar riga da kwat a sama. Ina kicin ina jiran a kira ni sai ga mai boda a ƙofar baya da leda, yana tambayar gidan Ssenga Nakitto. Abarba biyu ce manya da kwalbar zuma, da 'yar takarda da aka buga da inji. Ssenga ta karɓa ta karanta a hankali: "Ssenga, Allah ya ƙara sauƙi. A sha zumar da ruwan ɗumi. Daga ɗanki da bai samu zuwa gaisuwa ba tukuna, Badru."

Ta ninke takardar ta cusa a ɗamara. Ta ce, "Yaron yana da tarbiyya, kaico." Sannan ta miƙo min wuƙa. "Yanka wa baƙi, abarbar da muka saya ba ta nuna ba."

Na yanka. Na jera a faranti. Na fita na durƙusa gaban Swaibu na miƙa masa, ƙanwarsa ta ɗaga waya ta ɗauke mu, daga baya ta turo min hoton. Wallahi har murmushi na yi, don an ce in yi.

Da baƙi suka tafi Maama ta warke tas, har da rawa a tsakar gida. Ta ce, "Ɗora hoton nan danginmu na garin Masaka su gani, su daina tambayata ko aljani ne ya aure ki." Na ce to. Na buɗe wurin da ake zaɓar waɗanda za a ɓoye wa sitatus. Na gangara har kan sunansa. Yatsana yana kai, dannawa ɗaya ce. Sai na ji in na ɓoye masa na amsa wa kaina cewa cin amana nake. Sai wata murya a cikina ta ce, to mene ne na wahala, ai ba zai gani ba.

Na fita daga wurin ban danna ba. Na ɗora hoton, ban rubuta ko harafi ɗaya a ƙasa ba.

Lahadi da safe na duba waɗanda suka buɗe. Mutum ɗari da arba'in da wani abu, 'yan ofis kusan duka. Sunansa yana ciki. Na zauna da waya a hannu har shayina ya huce. Wajen azahar saƙonsa ya shigo.

"Ya jikin Ssenga?"

"Da sauƙi. Ta gode da saƙo."

"Alhamdu lillahi."

Shi ke nan. Babu saƙon murya, babu tsokana. Na ce wa kaina ya wuce, bai lura ba. Har na ci abincin rana.

Litinin ce ranar gwajin ƙarshe a gaban manyan hukumar lafiya. Na sa baƙar doguwar riga da mayafi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Ofis ɗinmu da kullum sai an tsokane mu, ana ce mana mata da miji, ranar tsit. Masu zuwa su raɗa min "Allah ya sanya alheri" suna yi suna satar kallonsa. Shi kuwa kowa sai sannu yake masa, ana ja masa kujera, ana tambayarsa ko zai sha ruwa. Ya gaishe ni, "Ina kwana, Madam Nanfuka." Rabon da ya kira ni haka tun satinsa na farko.

Aka fara. Wata baiwar Allah kurma ta kalli bidiyon rigakafi da mai fassara da hannu a gefe, ta ɗaga babban yatsa. Dattijon nan mai rawar hannu ya cike takardarsa a nutse, minti goma sha ɗaya, babu abin da ya goge. Sai Badru. Aka haɗa sakatariyarsa da lasifika don kowa ya ji, ya rage mata sauri saboda mu. Ta ce, "Maɓalli, kama layin likita." Ta ce, "Hoto, ma'aikaciyar jinya tana ɗiga wa jariri maganin rigakafi a baki, uwarsa tana riƙe da shi." Cikin minti uku ya samu likitan ido ranar Laraba, ƙarfe goma. Sannan ya cire lasifikar ya sa abin ji a kunne, ya buɗe sakamakon gwajinsa, ya saurara shi kaɗai, ya rufe. Babu wanda ya san abin da ke ciki sai shi.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Madam Atim tana share ido. Wata tara nake mafarkin wannan minti ukun, ga shi ya zo ina jin kamar in nutse a ƙasa.

Babban jami'in ya ce, "Malam Kavuma, ka gamsu?"

Ya ce, "Na gamsu, ssebo. Hotuna ɗari biyu da sha huɗu ne a shafin, na bi su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda aka bari babu bayani. Madam Nanfuka ba ta mantuwa."

Aka sake tafawa, wai ni ake yabo.

Ana rabon lemo da sambusa ya miƙe ya ce, "Madam Nanfuka, minti biyar." Muka fita bayan ginin, ƙarƙashin bishiyar mangwaro inda masu gadi ke shanya tabarmar sallah. Rana tsaka. Ya tsaya ya riƙe sandarsa da hannu biyu.

"Ranar Asabar sakatariya ta ce min, Zaituni, sitatus, hoto. Na jira sauran, ba ta ƙara komai ba. Na koma na sake, na ce ko ita ce ta yi tsalle. Sau huɗu."

"Badru..."

"Bari in gama. Wayata tana iya kwatanta hoto in na sa ta. Ƙanwata tana gida, idonta biyu ƙalau. Ban tambayi ko ɗaya ba. Yau na shigo ofis kowa yana lallaɓa ni kamar wanda aka yi wa rasuwa, mai shara ma ta san abin da ban sani ba. Na ce duk da haka zan jira mai hoton. To ga ni. Karanta min."

Na ce, "Don Allah ka bari in yi maka bayanin yadda aka yi. Maama ce..."

"Ba labarin hoton na tambaya ba. Abin da ke ciki. Kin san ƙa'ida."

Na buɗe wayar duk da ba na buƙatar dubawa. Na ce, "Ni ce. A falon Ssenga. Na sa gomesi shuɗi da farin mayafi."

"Kin rage."

"Ina durƙushe."

"Gaban wa?"

"Wani mutum. Yana zaune a kujera da farar riga da kwat. Sunansa Swaibu. Danginsa suna bayansa."

"Ssenga tana ciki?"

"Tana gefe."

"A kwance?"

"A tsaye. Tana dariya."

Ya gyaɗa kai a hankali. "Ke fa? Fuskarki?"

Nan ne na so in yi ƙarya, Allah ya sani. Babu mai ƙaryata ni a wurin. Na ce, "Ina murmushi."

"Me ke hannunki?"

"Faranti."

"Na me?"

Hawaye ya riga ya wanke min fuska. Na ce, "Abarba."

Masu boda suna ta hon a titi, a ciki ana ta dariya da ƙarar kwalabe. Can ya yi wata 'yar dariya da ba zan manta da ita ba har in mutu.

"Ta yi zaƙi dai? Na daɗe a kasuwa ina shinshinawa kafin in zaɓa. Mai abarbar har ta ce in ba saya zan yi ba in matsa."

Na durƙushe a wurin, ba durƙuson gaisuwa ba. Na ce ya yafe min. Na ce ba na son Swaibu, ko lambarsa ban ajiye ba. Na faɗa masa kukan Maama, da awon jini, da maganganun Ssenga, har da na murhu. Ya bar ni na zazzage duka.

Ya ce, "Zai, maganar Ssenga ba sabuwa ba ce. Na ji ta a gidaje biyu kafin naku, na san amsarta. Da kin zo kin ce min sun ƙi ni, da mun zauna mun san abin yi. Ko da kin ce kin gaji kin haƙura, zan ji ciwo, amma zan gane. Tambaya ɗaya ta rage min, ki ba ni gaskiya. Lokacin da kika ɗora hoton nan babu rubutu, mantawa kika yi da ni, ko tunawa?"

Da na ce mantawa, wataƙila da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma mutumin nan bai taɓa yi min ƙarya ba ko a wasa.

Na ce, "Tunawa."

"Kin ce ai ba zai gani ba."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Mutanen da suka gina tsohon shafin nan ba su san da ni ba, shi ya sa ban taɓa riƙe su a zuciya ba. Ke kin san da ni. Ke kaɗai a duniya kika san daidai inda za a ajiye abu a gabana ba zan same shi ba, don ni na koya miki."

Ya juya zai tafi. Jikina da sabo ya miƙe na kai masa gwiwar hannuna, yadda yake riƙewa in za mu tsallaka titi. Ya ji ni, ya matsa gefe.

"Na san hanya. Ki gaya wa Madam Atim rahotona na ƙarshe zai zo mata kai tsaye."

Na tsaya ina kallonsa yana taɓa gefen kwalbati da sanda har ya kai bakin titi. Mai bodansa na kullum ya taso. Ya ninke sandar gida huɗu, ya hau, suka shige cikin motoci.

Ban koma ciki ba. Jakata ma sai wata abokiyar aiki ce ta biyo ni da ita. A mota na tura masa saƙo uku, na murya ɗaya. Duk sun shiga, babu wanda ya buɗe.

Na isa gida bayan la'asar. Tun daga ƙofa na ga takalman Ssenga, masu ƙyalli da take sawa in za ta biki. Na tarar da su a falo. Maama ta sa sabon leshi. Taata yana kujerarsa ta kullum da tabarau a kan hanci, tsohon direban bas ne, mutum ne da ba ya magana sai ta kama. A kan gwiwarsa farar ambulan ce an riga an buɗe ta. Kwana biyu kacal, mutanen Swaibu ko jinkirin kunya ba su yi ba.

Na durƙusa na gaishe su. Ssenga ta ce, "Ga amaryar nan. Yaya, ka ga har ta rame don zumuɗi."

Taata bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya dube ni, ya dubi idanuna da suka kumbura.

"Nanfuka, wasiƙa ta zo. Ssenganki ta ce kin yarda, uwarki ta ce kin yarda. Biro yana aljihuna, yau zan ba da amsa. Amma ni ban ji daga bakinki ba, kuma wannan ba fuskar mai murna ba ce."

Maama ta yi gyaran murya. Ssenga ta miƙo ƙafa ta taka min gefen riga.

Taata ya ce, "Ku bar ta. 'Yata, dube ni. Akwai wani ne?"

Wata biyu ina addu'ar ranar da Taata zai yi min wannan tambayar. Na haddace amsar, na shirya yadda zan faɗi sunansa da danginsa da aikinsa, har da yadda zan ce makaho ne ba tare da na sunkuyar da kai ba. Da ranar Juma'a ya tambaye ni, da kafin ya rufe baki na amsa.

Sai ga Taata yana jira, hannunsa a kan aljihun biro, ni kuma wallahi ban sani ba ko har yanzu akwai.